Ɗakin Goron da Ya Ƙi Bushewa

Sau shida mutuwa ta zo ƙofata, sau shida ta koma da kunya. Duk Salaga an san wannan, don ni ba na ɓoye abin da Allah ya yi mini. Kububuwa ta sare ni a gonar doya, kafin la'asar ita ce ta mutu. Babbar motar lore ta kife da mu a Walewale, aka jera mutum goma sha ɗaya a bakin titi, ni kuwa na tashi ina cigiyar takalmina. Amai da gudawa ya kwantar da ni har aka yanko likkafani, na warke na ba tela ya ɗinka mini riga da shi. Sai harsashi shekarar yaƙi, sai kwalekwale a Makango, sai bijimi a kasuwar shanu. Ni ne Ayyub ɗan Mutawakil Mai Goro, wanda ake yi wa kirari Gagara-Kabari. Ban taɓa zama a aji ba, alƙalami bai san hannuna ba, amma masu karatun da na raka makabarta ba su ƙirguwa.

Matata Barikisu takan ce, "Malam, kullum daga macijin nan kake farawa. Kafin maciji ba ka yi yarinta ba ne?"

Sai in ce ta miƙo mini ruwa.

Gidanmu tsohon gidan fatake ne, kakana ya gina shi tun goro na goro. A kusurwar gabas akwai wani ɗaki da muke kira ɗakin goro. Babana ne ya ƙara shi ina ɗan shekara bakwai. Sanyi gare shi ko a tsakiyar bazara, huhun goro yakan yi wata shida a ciki bai yi yaushi ba. Da cinikin goro ya bar gidanmu aka zuba siminti a ƙasa, aka sa gado, ya zama ɗakin baƙi. Baƙinmu dai ba sa daɗewa.

Daminar bara jikata Mubarika ta zo wankan haihuwar fari. 'Yar babban ɗana ce da ya rasu, a hannuna ta tashi, aka kai ta aure Yendi gidan malamai. Mijinta Kamaldeen malamin makaranta ne, mai ladabi, irin ladabin nan da ke sa ka ji kamar ana auna ka. Barikisu ta ce ɗakin goro za a sa mai jego, shi ne can ciki, iska ba ta ratsa shi, ga shi kusa da murhu. Na buɗe baki zan hana, na rasa dalilin da zan bayar wanda ba zai jawo wata tambayar ba. Na rufe bakina.

Ran suna mutanen Yendi suka zo da ragonsu, liman ya raɗa wa yarinya sunan mahaifiyar Kamaldeen. Zuleha. Goron da ke bakina ya koma kamar yashi. Shekara saba'in ba a ambaci wannan suna a cikin gidan nan ba, ko Barikisu ba ta san an taɓa yin mai shi ba.

Ruwan sama bai tsaya ba a watan nan. Don haka safe da yamma Barikisu ta tafasa babbar tukunya da ganyen darbejiya, a kai ta har cikin ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma kada sanyi ya shigi mai jego. Haka iyayenmu suka yi, kuma ga mu. In ka shiga bayan wanka bango na zufa kamar doki.

Kwana goma sha biyu da haihuwa fumfuna ta fito. Baƙa wuluk, daga gindin bango, bayan gado. Barikisu ta goge da toka, gari ya waye ta dawo. Na ga fumfuna a rayuwata, bazuwa take yi ta ko'ina kamar an watsa ruwa. Wannan ba ta bazu ba. Miƙewa ta yi. Cikin mako guda ta kai ƙuguna ta tsaya, samanta zagaye, ƙasa da shi faɗi kamar kafaɗu, sai wani reshe guda da ya nufi sama.

Mubarika ta kira ni tana dariya. "Tsohon angona, zo ka ga baƙuwar da ta zo barka. Ko sabulu ba ta riƙo ba."

Na tsaya a bakin ƙofa. Tsawon yarinya 'yar shekara huɗu ne, ta ɗaga hannu ɗaya. A kan gado jaririya ta yi wani ɗan tari, siriri, kamar na 'yar kyanwa.

Ran Asabar Kamaldeen ya zo a kan babur. Ya shiga ɗakin, ya fito yana murza hanci, ya durƙusa a gabana.

"Baba, wannan abin ba na toka ba ne, yana shiga ƙirjin yaro. Akwai wata mata a Yendi, Samiratu, aikinta ke nan. Tana da lasisi, hukuma ta san da ita, ita ta gyara mana ajujuwa biyu. Ba gogewa kawai take yi ba, sai ta bi ta gano inda ruwan yake fitowa."

Da ya tsaya a kan lasisi da wataƙila na yarda. Maganarsa ta ƙarshe ce ta hana ni.

Na ce, "Takarda ce za ta goge bango? Ni na san 'yan Tankas, masu duba-gari, tun suna yawo da gajeren wando suna leƙa randunan iyayenmu. Mai takarda tambaya gare shi kamar Mala'ikan kabari, kuma duk abin da ka faɗa sai ya rubuta. Gidan Mutawakil ba a shigo masa da biro."

"Baba, numfashin yarinyar nake ji."

"Ni na riƙe uwarta, ta mutu? Tashi ka ci tuwo."

Ya ci tuwo, ya koma Yendi, don Litinin yana da aji.

Ina da benci a bakin tasha inda nake zama da hantsi, duk mai jiran mota ya sha labari. Ran Talata wani mutum ya zo ya tsuguna a gabana, siriri, wandonsa duk ɗigon fenti, da jarka a hannu da buroshi a aljihu.

"Baba, ba kai ne Gagara-Kabari ba? Ni Faruq ne, ɗan Yussif Mai Albasa na Bawku, wanda ka jawo daga ƙarƙashin lore a Walewale. Kullum sai ya ce in na je Salaga in nemi ubana na biyu."

Na ji daɗi har cikin ƙashina. Na tambaye shi sana'arsa, ya ce gyaran ɗakunan da laima ta kama. Na ce Allah ya kawo ka. A wurinmu ɗan aboki ya fi kowace takarda. Wanda ka san ubansa ka san inda za ka kai ƙararsa, haka fatake suka yi ciniki daga nan har Kano ba wanda ya sa hannu a komai.

Da azahar muka shiga gida. Ban nuna masa hanya ba. Ya ratsa zaure, ya wuce murhu, ya nufi ɗakin goro kai tsaye kamar wanda ya taɓa kwana a ciki. Aka fito da mai jego da jaririya tsakar gida a kan tabarma. Ya kama kankare bango da buroshin ƙarfe, a bushe, baƙar ƙura tana fitowa ta ƙofa tana sauka a kan shanya, a kan kwanuka, a kan zanin da aka rufe yarinya. Sannan ya fesa abin da ke cikin jarkar nan, wadda ba rubutu ko ɗaya a jikinta. Ya bi da koren fenti mai kauri. Ɗan ramin shan iska da ke kusa da rufi ya cusa masa siminti, ya ce ta nan laima ke shigowa.

Barikisu ta toshe hanci da mayafi. "Kai ɗan nan, wannan wari fa? Har idona yake ci."

"Warin magani ne, Mama. Maganin da ba ya wari ai ruwa ne. Yau ma su kwana a ciki."

Da ya gama, ya rage daga ni sai shi a ɗakin. Ya taka zuwa tsakiya, ya buga dunduniyarsa a siminti sau uku, ya karkata kai yana saurare. Sannan ya dube ni.

"Ni ba na tambaya, Baba. Shi ya sa ake kirana."

Ya ba Mubarika lambar waya, ya ƙi shan ruwan gidan, ya tafi.

Kwana uku bango yana ƙyalli kamar na gidan gwamna. Na sa aka buga wa Kamaldeen na ce ya gaya wa matar lasisi ta jiƙa takardarta ta sha. Rana ta huɗu da safe Barikisu ta shiga da tukunyar wanka, sai na ji ta saki salati.

Fentin ya kumbura. Ba ko'ina ba, daidai inda abin nan yake, kai da kafaɗu da hannu, duk sun taso ƙuraje-ƙuraje suna tsatsar baƙin ruwa. Hannun ya ƙara tsawo. Ya kai saitin filon da ake kwantar da yarinya. Ita kuwa tana kwance idonta a buɗe, ba ta kuka, haƙarƙarinta na shiga yana fita kamar zugazugi, leɓenta ya yi launin toka.

A asibitin garinmu aka samu ta farfaɗo. Kamaldeen ya iso kafin azahar da motar wani abokinsa, ya ce matarsa da 'yarsa ba za su ƙara kwana a Salaga ba. Na bi su Yendi. Can aka kwantar da ita, aka sa mata robar iska a hanci, hancin da bai kai kan ɗan yatsana ba.

Likita ya tare ni a baranda. "Baba, me aka fesa a ɗakin?"

"Magani."

"Wane iri? In na san shi zan san abin da nake yaƙa da shi. Yanzu lalube nake yi."

Mubarika ta buga lambar Faruq. Sau tara ta buga, wata murya tana cewa babu wannan lamba. Kamaldeen bai ɗaga mini murya ba, da ma ya ɗaga. Cewa ya yi, "Baba, ai ka ce ka san ubansa."

Ni da na ci hanyar Bawku a ƙafa da ƙuruciya, mota ba za ta ba ni tsoro ba. Na bi ta Gushegu, na sauya mota a Nalerigu, washegari da hantsi ina Bawku. Na sami Yussif a rumfarsa cikin buhunan albasa, ya tsufa, ido ɗaya ya yi fari. Ya gane muryata tun ban gama sallama ba.

"Gagara-Kabari! Har yanzu ba a yi maganinka ba?"

"Kai za ka riga ni, ɗan albasa. Ina ɗanka Faruq?"

"Ɗan wa?"

"Naka. Mai fenti."

Ya juyo da idon da ke gani. "Ayyub, 'ya'yana shida, duk mata. Kai ma ka sani, ka ci shinkafar bikin biyu daga ciki."

Na sani. Wallahi na sani. Mutum ya durƙusa ya kira ni da kirarina, sai abin da na sani ya fice mini.

Na ce, "To ya aka yi ya san sunanka? Ya san Walewale, ya san ni na jawo ka?"

Yussif ya yi dariya har da tari. "Akwai wanda ya taɓa jiran mota a Salaga bai san wannan ba? Direbobi suna zuwa nan su ce, kai ne Yussif da tsohon nan ya jawo? Rabin awa a bayan bencinka ya ishe shi. Kuma ni na jawo ka, in za a faɗi gaskiya."

Ya sa aka zaga da ni wurin masu fenti da masu sayar da shi. Siriri, mai jarka, mai buroshi a aljihu. Suka ce Baba, ka kwatanta mana rabin gari. Ba shago, ba ubangida, ba sunansa a littafin kowa. Na tsaya a tsakiyar kasuwar Bawku rana na dukana, ina neman mutumin da ko sawunsa babu. Maganar Yussif ta warware mini yadda ya san sunaye. Ba ta warware mini yadda ya san ƙofar ɗakin ba. Wannan ban taɓa faɗarsa a kan benci ba.

Na koma Salaga hannu rabbana. A ƙofar gida na tarar da farar mota mai rubutu a jiki, a tsakar gida kuma Kamaldeen da wata mata gajera mai takalmin roba, takunkumi a wuyanta, da ma'aikata biyu manya. Ta gaishe ni har ƙasa, ta miƙo mini wani kati mai hotonta.

"Baba, ni ce Samiratu. Ga lasisina."

"Ba na karatu."

"Riƙe dai. Ka ba duk wanda ka yarda da shi ya karanta maka. Sunana ne, da lambata a wurin hukuma, da inda ofishina yake. In na ɓata maka aiki, nan za a zo a kama ni."

Na riƙe. Jiya war haka da an ba ni irin wannan kati na wancan mutumin da na sumbace shi.

Ta riga ta tsinci jarkar a bayan katanga inda Faruq ya jefar. Ta ce maganin ƙwarin gona ne aka gauraya da ruwan wanke farin kaya, ta kuma gaya wa likita ta waya tun safe. Yarinya ta fara kama nono. Amma likita ya ce ƙirjinta ya riga ya ji rauni, in ta sake shaƙar fumfunar nan ba lallai a same ta ba. Ga shi abin ya ɓullo a ɗakin da ke jikin na goro, yana bin gindin bango.

Barikisu tana zaune a kan turmi tana sharar hawaye. "Saura kwana goma sha uku a gama wanka. A ce jikata ta ƙarasa arba'in a gidan surukai kamar marar dangi? Malam, ka sa baki a dawo mini da su."

Kamaldeen ya ce, "Ranar da wannan baiwar Allah ta sa hannu cewa gidan ya bushe, ni da kaina zan kawo su. Kafin nan ko zaure ba za ta shigo ba."

Samiratu ta ja takunkuminta, ta ba ni ɗaya, muka shiga. Tana riƙe da wani ɗan akwati mai ƙusoshi biyu, in ta dafa shi a bango sai ya yi ƙara. Can sama shiru. Tana yin ƙasa yana ƙara kuka. Da ta ɗora shi a siminti a tsakiyar ɗaki, daidai inda mutumin nan ya buga dunduniya, sai ya kama ihu bai tsaya ba har ta ɗauke.

"Na hau rufi, ba ya yoyo. Ba famfo a nan, ba kwata a bayan bango. Tururin wanka ya ciyar da ita, amma ba shi ya haife ta ba. Ruwan nan daga ƙasa yake tasowa. Baba, me ke ƙarƙashin ɗakin nan?"

"Ƙasa."

"A Salaga muke, garin da ko akuya ta yi tono sai ta ci karo da tsohuwar rijiya."

"'Yata, ki kankare bangon da kyau irin naku na masu ilmi, ki sa hannu, yarinya ta dawo. Ni zan tsaya miki."

"Kankarewa wata guda za ta yi ta dawo. In na sa hannu aka kawo jaririyar nan wani abu ya same ta, ni za a nema, kuma za a same ni. Wancan da bai tambaye ka komai ba, wa ka samu da ka je nemansa?" Ta nuna ƙasa da ƙafarta. "Kuma ba zan sa mutanena su ɗaga guduma a kan abin da ban san zurfinsa ba. Suna da 'ya'ya. In ba za ka faɗa ba, in kwashe kayana."

Ta fara naɗe igiyar akwatinta. Na dubi bango. Ƙurajen sun fashe, fentin ya zube, tana tsaye a wurinta baƙa ƙirin da hannu a sama. Na tuna ɗan hancin nan da roba a ciki.

Na ce a kira Barikisu da Kamaldeen. Abin da babana ya ce bai yafe wa wanda ya ambata ba, na ambata shi da rana tsaka, da takunkumi a bakina.

Rijiya ce. Ina da shekara bakwai, ƙanwata Zuleha tana da huɗu. Aka tafi kasuwa aka bar mini ita. Na ɗaga ta ina nuna mata fuskokinmu a ruwa, bakin rijiyar ya zame, muka faɗa tare. Ruwan bai shanye ni ba, a wuyana ya tsaya, ita kuwa sai na riƙe ta. Akwai ramukan taka ƙafa a jikin rijiyar, na farkon ya fi ƙarfina da ɗan kaɗan. Kaɗan ƙwarai. Na taka kafaɗarta na kai. Da na fito na leƙa, hannunta ɗaya yana sama. Ban yi ihu ba. Na gudu na shige rumbu na ɓuya don tsoron duka, sai da aka dawo daga kasuwa aka neme mu. An fito da ita an yi mata sutura. Babana ya jera azara a bakin rijiyar, ya daɓe, ya gina ɗaki a kai, ya ce ba a taɓa yin rijiya a nan ba, ba a taɓa yin yarinya ba.

Can Barikisu ta ce, a hankali, "Ashe sau bakwai ne."

Samiratu ta fito da biro. Na zuba ido in ga abin da na shekara saba'in ina gudu. Ta tambaye ni faɗin bakin rijiyar, da ko azara nawa ne, da ta wace fuska aka jera su. Shi ke nan abin da ta rubuta.

Washegari suka fara da cire kwanon rufi, rana ta faɗa cikin ɗakin karo na farko tun ina yaro. Suka gitta katakai masu kauri daga bango zuwa bango, kowa ya ɗaura igiya a ƙugu, suka fasa simintin daga gefe. Azarar babana ta zama kamar dafaffiyar doya, da hannu ake ɓantararta. Guda biyu kaɗai suka rage da ƙarfi, kuma a kansu ƙafafun gadon mai jego suke. Kamaldeen ya gani, ya fita waje ya zauna a ƙasa.

Wata iska mai sanyi ta taso daga ramin. Na ce a ɗaura mini igiya. Ni Gagara-Kabari ba a leƙa rijiyar gidanmu kafin ni. Ruwan yana nan kusa, baƙi, ko motsi ba ya yi. Na ga fuskata, tsoho mai farin gemu da takunkumi. A gefen kafaɗata akwai wani ɗan duhu zagaye. Samiratu ta ce inuwar guntun bango ce. Wataƙila. Bangon yana bayana ne ta hagu, duhun kuwa ta dama yake.

Suka sassaƙe shafen bangon da fumfunar take, suna jiƙa shi kada ƙura ta tashi, suka zuba a buhun roba suka ɗaure. Na roƙa a bar ni in kai shi mota da kaina. Na ɗaga. Na san wannan nauyi. Na taɓa ɗaga shi a bakin rijiyar nan.

Samiratu ta ce ko a cike ta da dutse ko a bar ta a buɗe ta sha iska. Na ce an rufe ta sau ɗaya, ya isa. Aka rushe ɗakin goro, aka ɗaga wa rijiyar baki har ƙirji, aka sa mata murfin ƙarfe mai raga da kwaɗo. Mubarika ta ƙarasa arba'in ɗinta a Yendi, Barikisu ta bi ta can da tukunyarta da ganyenta, tana mita har ta dawo. Sau uku Samiratu tana zuwa da akwatinta tana dafa bangaye, sau biyu tana komawa ba ta sa hannu ba, ina zaginta a zuci. Sai da damina ta ɗauke akwatin ya yi shiru a kowane ɗaki. Katinta yana cikin aljihun rigata har yau, duk wanda ya zo bencina da zancen gyaran gida sai na fito masa da shi, ko da yake wani lokaci a juye nake riƙewa.

Ranar da Kamaldeen ya kawo su yarinya tana da wata biyar. Ta rayu. In hadari ya haɗu ƙirjinta yakan yi ɗan fito, likita ya ce wataƙila ta bar shi in ta girma, wataƙila ta tafi da shi. Wannan aikina ne, ba na ɗora wa kowa.

Mubarika ta miƙo mini ita a tsakar gida. "Karɓi, tsohon angona. Kira sunanta mana, tun da aka haife ta ban ji ka kira ba."

Na kira. Zuleha. Ta dube ni, irin kallon da ba na jarirai ba, ta daɗe tana yi. Na ɗaga ta sama yadda ake yi wa yara wasa. Ta miƙe 'yar ƙafarta, ta lalubo kafaɗata, ta taka, ta danna da duk ƙarfinta tana neman hawa.

Barikisu ta ce in sauke ta kada ta faɗi. Ban sauke ta ba. Na tsaya cak har ta kai inda take so.